ƘWARI SHIDA MASU CIN ABINCI A RUMBU, DA YADDA ZA MU GANE SU

Kowane manomi ya san wahalar da ake sha kafin hatsi ya shiga rumbu. A yi sharar gona, a yi shuka, a yi noma da maimai, a girbe, a ɗaure dami, a kai gida. Bayan duk wannan, sai wata uku ko huɗu su wuce, maigida ya buɗe buhun wake ya tarar duk ya huje. Uwargida ta sa hannu cikin dawa, hannun ya fito fari fat da gari. Abincin da aka yi lissafin zai kai damina, sai ya ƙare tun bazara. Irin shuka ma ya lalace.

In haka ta faru, mukan ce, "Ƙwaro ya ci," shi ke nan. Amma wane ƙwaro? Ba iri ɗaya ba ne. Mai cin wake daban, mai cin dawa daban, mai cin gari daban. Hanyar shigarsu daban, maganinsu kuma daban. Wanda bai san ɓarawonsa ba, bai san ƙofar da zai tsare ba. Saboda haka cikin wannan darasi za mu koyi gane iri shida da suka fi yi mana ɓarna.

1. DANGIN MASU FIFFIKE MAI KUBE

Kowa ya san buzuzu, mai mirgina kashin shanu a hanya. Mu kama ɗaya mu duba shi da kyau. Ƙafafunsa shida ne. Jikinsa kashi uku ne: kai, da ƙirji, da ciki. A kansa akwai ƙaho biyu siriri, da su yake sansana abu. Bayansa yana da tauri kamar ƙoƙo, da layi miƙaƙƙe a tsakiya. Wannan ƙoƙo fiffike ne guda biyu masu tauri. In zai tashi sai ya ɗaga su, ga wasu fiffike biyu masu laushi a naɗe a ƙarƙashi. Da waɗannan yake tashi. Na saman kube ne kurum, kamar kuben wuƙa.

Duk ƙwaron da ke da wannan kube ɗan'uwan buzuzu ne, komai ƙanƙantarsa. Masana suna kiran dangin nan Coleoptera, wato masu fiffike mai kube. Babu dangin da ya kai su yawa cikin ƙwari. An rubuta sunayen wajen iri 400,000.

Gara ba ta cikinsu, kiyashi ma ba ya cikinsu. Haka kuma ɗan asun nan mai fiffike mai ƙura da kan tashi in an buɗe rumbu. Su ma suna ɓarna, amma darasinsu daban ne.

Ba dukan dangin nan ne abokan gaba ba. Buzuzu yana binne kashin dabbobi, ƙasa ta sami taki. Masu cutarmu a rumbu 'yan kaɗan ne.

2. DAGA INA SUKE ZUWA?

Waɗansu suna cewa hatsi ne da kansa ke haifar da ƙwaro in ya daɗe. Ba haka ba ne. Kowane ƙwaro yana da uwa. Uwa ta yi ƙwai. Ƙwai ya ƙyanƙyashe tsutsa. Tsutsa ta ci ta ƙoshi, sa'an nan ta kwanta kwanaki ba ci ba motsi, jikinta yana sakewa. Daga nan ta farka ta zama ƙwaro mai ƙafa da fiffike. Mataki huɗu ke nan: ƙwai, tsutsa, kwanciya, babba.

Tsutsa ce ta fi ci. Sau da yawa tana cikin ƙwayar hatsi, ba mai ganinta. Ramin da muke gani a jikin wake ba ƙofar shiga ba ce, ƙofar fita ce. Kafin mu gan shi, an riga an gama ɓarna.

3. YADDA AKE RABA SU GIDA-GIDA

Yadda mutane suke da dangi da gida da suna, haka masana suka jera halittu. Wani masani mutumin ƙasar Suwidin, mai suna Linnaeus, shi ya daidaita wannan hanya. Cikin littafinsa na 1758 ya ba kowace dabba suna biyu. Na farko sunan zuriya, na biyu sunanta na kanta. Har yau haka ake yi ko'ina a duniya. Za mu rubuta waɗannan sunaye sau ɗaya ɗaya. Ba sai an haddace su ba. Amfaninsu shi ne, in aka nuna wa malamin gona, ya san wanda ake nufi.

Ƙwarin namu shida sun rabu gida huɗu:

Gida na ɗaya, masu gajeren kube: ƙwaron wake da ƙwaron gyaɗa.
Gida na biyu, mai dogon baki.
Gida na uku, masu ɓoyon kai: ƙarami da babba.
Gida na huɗu, jan ƙwaron gari.

Dukansu ƙanana ne, don haka da milimita ake awonsu. Ku duba rula. Cikin santimita ɗaya akwai ƙananan zane goma, kowane zane milimita ɗaya ne.

4. MASU GAJEREN KUBE

Ƙwaron wake. Sunansa a littafi Callosobruchus maculatus. Tsawonsa milimita 3 zuwa 4. Gajere ne mai kauri, ja-ja da ɗigon baƙi a kowane gefe na bayansa. Babbar alamarsa ita ce kubensa bai rufe jikinsa duka ba. Ƙarshen cikinsa yana waje, kamar yaron da rigarsa ta yi masa kaɗan. Yana da gudu, yana kuma tashi.

Tun a gona yake fara aiki, lokacin da kwasfar wake ta fara bushewa. Da wake muke kawo shi gida. Macen takan manna ƙwanta a bayan wake. Ku ɗauki wake ku duba a rana. In kun ga 'yan fararen ɗigo manne a jikinsa, waɗanda ba su faɗuwa da hurawa, to, ƙwai ne. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har kusan 100. Tsutsa takan huda daga ƙarƙashin ƙwan ta shige cikin wake kai tsaye. In ta kusa fita, sai a ga wani ɗan da'ira mai duhu a fatar waken, kamar taga. Babban ya ture tagar ya fito, ya bar rami zagayayye sumul.

Da zafi, daga ƙwai zuwa babba mako 3 ne zuwa 4. Babban ba ya bukatar ci. Kwanakinsa ba su wuce mako ɗaya ko biyu ba, aikinsa haihuwa kurum. Mu yi lissafi. Mu ce mace ɗaya ta bar 'ya'ya mata 20. Bayan wata guda kowace ta bar 20, sun zama 400. Wata na uku sun zama 8,000. Ga dalilin da buhu kan lalace cikin 'yan watanni.

Ƙwaron gyaɗa. Sunansa Caryedon serratus. Shi ne babba cikin shidan, milimita 4 zuwa 7. Launinsa ƙasa-ƙasa da dabbare-dabbaren baƙi, idanunsa manya. Ku duba ƙafafunsa na baya: cinyoyinsu kumbura-kumbura ne, da 'yan haƙora kamar zarto. Da wannan ake gane shi nan da nan.

Yana yin ƙwai a kan ɓawon gyaɗa. Tsutsa ta huda ɓawo ta shiga ta ci ƙwayar. In ta ƙoshi, sau da yawa takan fito waje ta saƙa wa kanta ɗan gida fari kamar takarda, ta kwanta ciki. In kun ga irin waɗannan gidaje manne a jikin gyaɗa ko a ɗinkin buhu, shi ne. Yana cin 'ya'yan tsamiya da na kalgo kuma. Saboda haka kada a ajiye tsohuwar tsamiya kusa da gyaɗa.

5. MAI DOGON BAKI

Wannan ba ya ɓoyuwa. Kansa ya miƙe gaba ya yi tsini kamar hancin giwa, haƙoransa suna can a ƙarshen tsinin. Ƙahonsa a tanƙware yake kamar gwiwar hannu. Tsawonsa milimita 3 zuwa 4. Baƙi-baƙi ne, da ɗigo huɗu masu ɗan haske a bayansa. In aka taɓa shi yakan naɗe ƙafafu ya yi kamar ya mutu. Sunan zuriyarsa Sitophilus. Abincinsa dawa da masara da shinkafa da alkama.

Dabararsa ta fi ta ƙwaron wake. Macen takan haƙa ɗan rami a ƙwaya da bakinta, ta sa ƙwai ɗaya, ta toshe ramin da wani abu mai danƙo. Ido ba ya ganin wurin. Ƙwaya tana nan kamar lafiyayya, alhali tsutsa tana cin cikinta. Bayan kamar mako 5 babban ya fito. Raminsa ba sumul ba ne irin na wake, bakinsa a yayyage yake. Shi kuma babban yana ci, yana rayuwa watanni, macen tana ta ƙwai fiye da 100.

A gaskiya iri biyu ne a ƙasashenmu masu zafi, na shinkafa da na masara. Kamarsu ɗaya, har masana ma sai sun feɗe su a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin su raba su. Kama da wane ba ta wane. Amma ga manomi maganinsu ɗaya ne. Abin da suka fi so shi ne hatsi mai sauran danshi. In hatsi ya bushe ƙayau, ba su yaɗuwa da sauri.

6. MASU ƁOYON KAI

Ku ɗora wannan a tafin hannu ku dube shi daga sama. Ba za ku ga kansa ba. Ƙirjinsa ya rufe kan kamar hula, bakin yana duban ƙasa. Jikinsa mulmulalle ne kamar guntun tsinke. Asalin danginsa masu huda itace ne, shi ya sa haƙoransu ke da ƙarfi.

Ƙaramin, sunansa Rhyzopertha dominica. Milimita 2 zuwa 3 ne, ja mai duhu. Ƙarshen bayansa a zagaye yake. Yana cin dawa da gero da alkama da shinkafa mai ɓawo. Ba ya tsoron bushewa kamar mai dogon baki, saboda haka ya fi damun ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa. Babba da tsutsa duk suna ci, har su bar ƙwaya sai fata. Alamarsa gari mai yawa a gindin buhu.

Babban, sunansa Prostephanus truncatus. Milimita 3 zuwa 4 da rabi ne, ya fi duhu. Ƙarshen bayansa a datse yake, kamar an yanke da wuƙa. Da wannan ake raba shi da ƙaramin: na ƙarami zagayayye, na babba datsattse.

Wannan baƙo ne a Afirka. Asalinsa ƙasar Meziko da maƙwabtanta na Amurka ta Tsakiya. An fara ganinsa a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, daga nan ya bazu zuwa Gana da Binin da Nijeriya. Masara a goyonta ya fi so, da busasshen rogo. Yana huda itacen rumbu ma ya ɓuya ciki. A 1991 aka saki wani ɗan baƙin ƙwaro a Togo, wanda aka kawo daga ƙasarsu ta asali, don ya riƙa cin ƙwansa da tsutsarsa. Wanda ya ga babban mai ɓoyon kai a masararsa, ya sa 'yan kaɗan a kwalba ya kai wa malamin gona.

7. JAN ƘWARON GARI

Mata sun fi kowa saninsa, don shi ne ke saura a rariya in ana tankaɗe. Sunansa Tribolium castaneum. Milimita 3 zuwa 4 ne, ja mai sheƙi. Jikinsa a shimfiɗe yake, ba mulmulalle ba. Kansa a fili yake, ba tsini. Yana da saurin gudu ƙwarai.

Shi ba ya iya fasa lafiyayyar ƙwaya mai tauri. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Yana bin gari da tsaki da dusa da ƙuli-ƙuli da ɓararriyar gyaɗa, da hatsin da ya farfashe wajen sussuka, da wanda waɗancan suka riga suka huda. Tsutsarsa ba ta ɓuya cikin ƙwaya, tana yawo cikin gari, siririya, fara-fara. In sun yi yawa, gari yakan sake launi ya yi wari, tuwo ya ƙi daɗi. Babban yana rayuwa watanni da yawa. In mun gan shi da yawa cikin tsaba, mu bincika, wataƙila wani ya riga shi shiga.

8. TAMBAYOYI HUƊU NA GANEWA

A tankaɗe mudu ɗaya na hatsi a kan farin ƙyalle. A ɗauki ƙwaro ɗaya da jiƙaƙƙen tsinke. A yi masa tambayoyin nan bi da bi.

Ta ɗaya: Yana da dogon baki? In i, mai dogon baki ne. In a'a, a wuce.

Ta biyu: Ƙarshen cikinsa ya leƙo waje daga kube? In i, gidan masu gajeren kube ne. Ƙarami cikin wake, ƙwaron wake. Babba mai kumburarriyar cinya cikin gyaɗa, ƙwaron gyaɗa. In a'a, a wuce.

Ta uku: Kansa a ɓoye yake in an duba daga sama? In i, a dubi ƙarshen bayansa. Zagayayye, ƙarami. Datsattse, babba. In a'a, a wuce.

Ta huɗu: Ja ne, shimfiɗaɗɗe, mai gudu? In i, jan ƙwaron gari ne.

In ya ƙi shiga ko ɗaya, to, ba ya cikin shidan nan. Kada a tilasta masa suna. A kai shi ga malamin gona.

9. AMFANIN SANIN SU

Yanzu mu ga yadda sani ke nuna magani.

Ƙwaron wake daga gona yake. Saboda haka a roro wake da zarar ya bushe, kada a bar shi ya daɗe. Bayan sussuka a kashe na ciki da rana. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake kada ya yi tudu, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefe. A bar shi awa 2 da tsakar rana. Zafin yana kashe ƙwai da tsutsa. In waken kaɗan ne, dabarar kakanni tana nan: mudun wake ɗaya, mudun tankaɗaɗɗiyar toka ɗaya, a gauraya a tukunya, a rufe saman da toka.

Mai dogon baki yana son danshi. A shanya hatsi har in an ciza ƙwaya ta fashe ƙaras.

Masu ɓoyon kai suna ɓuya cikin tsohon hatsi da itace. A share rumbu tas kafin kaka, a ƙone sharar, a liƙe tsaga. In babban ya shigo gari, a ɓare masara daga goyonta kafin a ajiye.

Jan ƙwaron gari yana bin fasasshe. A sheƙe hatsi da kyau. Kada a niƙa gari fiye da na 'yan kwanaki. Gyaɗa a cikin ɓawonta ta fi tsira daga gare shi, amma ɓawo ba ya hana ƙwaron gyaɗa, sai a riƙa dubawa.

Kada a zuba sabon hatsi a kan tsoho, ko cikin tsohon buhu da ba a kaɗe an shanya ba. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Akwai kuma magani guda da ke kashe dukansu. Kowane ƙwaro yana numfashi, har tsutsar da ke cikin ƙwaya. In aka cika duro ko jarka da busasshen hatsi, aka toshe bakin ƙam, sai su shanye 'yar iskar da ke ciki su mutu. Haka buhun nan mai ninki uku yake aiki, wanda ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. A duba leda kada ta kasance da huji. A ɗora buhu a kan katako, nesa da ɓera. Kada a yi ta buɗewa. Inda babban mai ɓoyon kai yake, duron ƙarfe ya fi, don yana iya huda leda.

Abu na ƙarshe gargaɗi ne. Kada a zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a kan abin da za a ci. Guba ce, tana cutar mutum yadda take cutar ƙwaro. Tana ɓata ciniki kuma. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Ƙwayar nan ma da ake jefawa cikin buhu, mai fitar da iska mai guba, ba a ajiye ta a ɗakin da mutane ke kwana. Aikin wanda aka koya wa ne. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Da me ake gane dangin buzuzu?
2. Faɗi matakai huɗu na rayuwar ƙwaro. Wanne ya fi ci?
3. Ramin da ke jikin wake, na shiga ne ko na fita?
4. Yaya ake raba ƙaramin mai ɓoyon kai da babban?
5. Me ya sa jan ƙwaron gari ba ya fara cin lafiyayyar tsaba?
6. Me ke kashe ƙwari cikin duron da aka toshe?

AIKI

Kowa ya kawo ƙwarin da ya samu a gidansa cikin kwalba. A yi musu tambayoyi huɗu a aji. Kowa ya rubuta sunan nasa a allo, da abincin da aka same shi ciki.

A sami kwalba biyu. A ta ɗaya a zuba wake 20 masu fararen ɗigo. A ta biyu a zuba wake 20 da aka zaɓa, marasa ɗigo, aka kuma gasa a rana cikin leda. A ɗaure bakin kowace da ƙyalle. A rubuta kwanan wata a jiki. Bayan wata guda a buɗe a gaban kowa, a ƙirga ramuka, a rubuta abin da aka gani.